Mutum Huɗu a Gaban Baba Makulli

Barkono ya farka ya tarar da ɗakin shiru, abin da bai taɓa faruwa ba tun da suka tare a cikinsa. Ya yi zumbur zai miƙe, katakon gadon sama ya gaishe shi a tsakar ka, ya dafe wurin yana tsaki. Gadon Dattijo a gyare tsaf, an ja zanen ko lanƙwasa babu. Gadon Injiniya ba kowa sai tarin wayoyin wuta da wata fanka da aka farke wa ciki tun farkon zango. Dogo kaɗai ya rage a can sama, baki buɗe, ƙafa ɗaya na lilo.

Kuma yau ce ranar ƙarshe ta tsayuwar ɗaki.

A kwalejinsu haka ake yi. Duk waɗanda ke son su ci gaba da zama ɗaki ɗaya baɗi, sai su huɗun sun taka da ƙafafunsu sun tsaya a gaban jami'in ɗakunan kwana, wani tsoho da ɗalibai ke kira Baba Makulli, ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya gyaɗa kai. Ba aike, ba waya, ba "yana nan tafe". In aka tashi daga ofis ba ku cika huɗu ba, kwamfuta ce za ta raba ku, ita kuwa ba ta san wane abokin wane ba ne. Sai ta cilla mutum can ginin bayan filin ƙwallo, cikin waɗanda bai taɓa ko gaisawa da su ba.

Duk makon nan Barkono jira yake Dattijo ya ce ku tashi mu je, don irin wannan aikin nasa ne. Dattijo bai ce uffan ba. Ga shi yau an wayi gari ma babu shi.

Ɗakin kuwa ba na yarwa ba ne. Yana ƙarshen baranda a bene, taga biyu gare shi, iska na shiga ta nan ta fita ta can, kuma soket ɗinsa na aiki ba sai an tokare caja da takalmi ba. In an fito daga lakcar yamma kowa ya jigata, nan ake zubewa a ƙasa, Barkono ya hau kan bokiti ya kwaikwayi malamin da ke magana da allo ya bar ɗalibai da ƙeyarsa, a yi ta dariya har mai ciwon ciki ya roƙi arziki.

Ba wai mutanen ɗakin ba su da abin haushi ba. Dattijo yana da ƙararrawa a waya mai kukan zakara, ta tashi kowa tun da duhu, shi kuma ya kashe ta ya zauna bakin gado yana kallon bango kamar mai jiran sakamakon asibiti. Injiniya, wanda tarihi yake karantawa, bai taɓa ganin abu na aiki ya ƙyale shi ba. Ya taɓa gyara wa Barkono hitar dafa ruwa, tun daga ranar duk wanda ya tsoma yatsa a ruwan sai ya taka rawa. Dogo kuwa, wanda in ya tsaya bayan tebur sai ka yi cigiyarsa, silifas ɗin mutane yake zurawa ya shiga wanka, ya dawo da su sharkaf ya ajiye daidai inda za ka saka ƙafa da safa. Barkono ne ya raɗa musu sunayen nan duka, kuma shi ke karanto musu laifuffukansu safe da yamma kamar labaran rediyo. Yakan rufe da addu'a: Allah ya nuna masa ranar da zai rabu da su, ya koma ɗakin ɗan gwaggonsa a cikin gari, inda akwai fanka mai juyawa da banɗaki na mutum shi kaɗai. Su yi dariya, shi ma ya yi, a juye taliya a faranti ɗaya a sa cokula huɗu.

Ya kama ƙafar da ke lilo ya girgiza.

"Dogo, tashi. An fara rabon tsawo, za a ƙare ba ka samu ba."

"Don Allah ka ƙyale ni."

"Yau ce ranar Baba Makulli. Ina sauran suka shiga?"

Dogo ya buɗe ido ɗaya, sannan ya buɗe ɗayan, ya tsaya yana kallonsa wani iri.

"Kai ma za ka je?"

"A'a, hotona zan aika. Sauko, malam."

"Kun yi magana da Dattijo?"

"Maganar me? Kai dai barci bai sake ka ba. Wanke fuskarka, ba ta da yawa."

Ya tasa shi gaba har ƙofar ofishin. Layi ya riga ya miƙe daga bakin ƙofa ya zagaye bishiyar da ke tsakar filin, mutane huɗu-huɗu, kowace ƙungiya a cure kamar ana tsoron a sace musu ɗaya. Barkono ya dasa Dogo a ƙarshen layin.

"Ka tsaya nan. In ka ga ba a ganinka ka ɗaga hannu."

Ya san inda zai samu Injiniya: bayan laburare, jikin katangar da sabis ke kamawa. Can kuwa ya same shi a tsugune, ya baje cikin wata caja a kan hankici, mai cajar, wata 'yar ajinsu, tana tsaye a kansa da fuskar mai jinya.

"'Yar'uwa, karɓi abinki tun da sauran numfashi," in ji Barkono. "Kai kuma tashi, layi na tafiya."

Injiniya bai ɗago ba. "Ai Dattijo ya ce sai da rana."

"Dattijo ya ce? Wato an yi taro ba da ni ba?"

Wani ɗan ƙaramin noti ya suɓuce wa Injiniya ya faɗa cikin yashi. Ya duƙufa nemansa kamar zinari, ya daɗe yana tona ƙasa da farce. Barkono ya tattare hankicin da kayan ciki ya danƙa wa yarinyar, ya ja Injiniya ta wuyan riga.

Suka iso layi babu Dogo.

"Gajeren nan?" in ji na bayansu. "Ya ce yana zuwa."

Barkono ya ajiye Injiniya a gurbin, ya falla da gudu wurin mai shayi. Ga Dogo a kan benci, ƙafafu ba su kai ƙasa ba, yana tsoma burodi a kofi hankali kwance. Ya fizgo shi da burodin a hannu. Suka dawo, babu Injiniya. Wai mai gadin ginin ya ce tocilarsa na ƙyafta ido, shi ne ya bi shi ɗakin gadi ya duba.

Gumi ya fara bin bayan Barkono. Akwai lakcar da ya kamata a ce yana ciki yanzu, ko tunawa da ita bai yi ba. Da ya samu ya haɗa su biyun wuri ɗaya, sai ya miƙa hannu.

"Injiniya, kawo sukundireba."

"Me za ka yi da ita?"

"Garkuwa. Kai kuma Dogo, cire silifas. Nawa ne ma, dubi yadda ka jiƙa su."

Ya shimfiɗa wa Dogo wani yagaggen kwali ya tsaya a kai, ya soke sukundireba a aljihu, ya rungumi silifas a hammata, ya tafi farautar Dattijo. Ya kira waya, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya leƙa lungun laburare inda Dattijo ke zama kullum kusa da taga, wani ne daban a kujerar. Ya haura ajin lakca ya leƙa ta ƙofar baya, malamin ya juyo, ya yi wuf ya janye kai. Ya sauka, ya zagaya ta wurin masu wanki, ya dawo ta kantin littattafai, yana tafe yana zagin Dattijo a zuci, yana kuma shirya yadda zai ba da labarin nan da yamma, don ya san zai yi daɗi.

A hanyar babbar ƙofa ya hango shi, yana tahowa da tafiyarsa ta mai zuwa sasanta rigima, riƙe da jakar wani. Mai jakar na gefensa. Sanyi ne, wani ɗan ajinsu da in ya yi magana sai ka matso da kunne. Yakan zo ɗakinsu da sunan aron littafi, ya zauna a lungu, in ana dariya kafaɗunsa kawai ke motsi. Shi ma Barkono ne ya sa masa sunan. Gida ya je duba mahaifiyarsa, yanzu ya sauka daga mota.

"Dattijo, ka kyauta," in ji Barkono yana haki. "Mu muna can muna kiwon awaki, kai kana nan kana dako. Sanyi, sannu da hanya, ya jikin Mama?"

"Da sauƙi," in ji Sanyi, ko kuma wani abu mai kama da haka.

Dattijo ya dubi silifas ɗin da ke hammatar Barkono, ya dubi fuskarsa, ya buɗe baki ya rufe.

"Mu je," kawai ya ce.

Da suka iso, layin ya ci sosai, Dogo na jan kwalinsa da ƙafa duk lokacin da aka matsa. Barkono ya mayar wa kowa kayansa, ya ja dogon numfashi, ya shiga nuna su da yatsa.

"Ɗaya, biyu, uku, da rabi. Alhamdu lillahi. Sanyi, mun gode da rakiya, je ka kwanta, ka sha hanya."

Sanyi bai motsa ba. Ya dubi Dattijo. Injiniya ya shiga goge bakin sukundireba da gefen riga.

"Barkono," in ji Dattijo, "zo mu ɗan koma gefe."

"Gefe kuma? Bayan wahalar da na sha? Faɗi a nan."

"Sanyi ne na huɗunmu."

Barkono ya tuntsire da dariya har da dukan cinya. "Wannan ta yi. Dattijo ya fara barkwanci, ku shaida, a rubuta ranar." Ya juya ya ga ko Dogo bai yi murmushi ba. Ya bar dariyar.

"Kai ka ce za ka koma gari," in ji Dattijo.

"Ni? Yaushe?"

"Kullum," in ji Injiniya.

"Haba, wannan ai magana ce. Kun san bakina."

"Na tambaye ka," in ji Dattijo. "A wurin mai shayi. Na ce maganar komawarka gari da gaske kake, don mu san abin yi."

Barkono ya tuna. Bencin a cike yake ranar, har da 'yan matan ajinsu, kowa ya zuba masa ido yana jiran abin da zai fito. Ya ce ko da mota da direba za a haɗa masa ba zai ƙara shekara da masu kukan zakara ba. Har kalar labulen ɗakin ɗan gwaggon nasa ya faɗa. Aka yi dariya sosai, mai shayi ma sai da ya ajiye buta.

"Na sake tambayarka a matakala, mu biyu kaɗai," in ji Dattijo. "Ka ce in fara neman magajinka, amma ba za mu samu kamarka ba."

Wannan ma ya tuna. Ya ji daɗin yadda maganar ta fito a lokacin.

Ɗan gwaggon dai akwai shi, ba ƙarya ba ne. Sai dai ɗaki ɗaya gare shi, da mata da jariri a ciki, fankar kuwa ta daɗe da mutuwa. Sau ɗaya Barkono ya taɓa zuwa, aka ba shi ruwa, aka ce ya riƙa leƙowa.

"To don me ba wanda ya faɗa mini?"

"Mun ga kamar in muka yi ta maganar za ka ce korarka muke," in ji Injiniya.

"Ni wallahi ban so ba," in ji Dogo. "Har daina saka silifas ɗinka na yi na kwana biyu, ko za ka fasa."

"Yau nawa ka saka."

"Ai na ga ba ka fasa ba."

Layi ya matsa. Suka matsa su biyar.

"Ni ba komai," in ji Sanyi a hankali. "Zan iya fita."

"Ka fita ka je ina?" in ji Dattijo. "Mutanen ɗakinka sun riga sun tsaya da wani tun shekaranjiya, saboda mun ba ka magana. Ba inda za ka."

Amma Barkono ya riga ya ga ƙofa. Irin su Sanyi ba sai an tura su ba, hura su kawai ake yi. Ya matsa ya dafa kafaɗarsa, ya sassauta murya kamar yayansa.

"Ɗan'uwa, ni tausayinka nake ji. Ka san abin da za ka shiga? Kai da rana kake zuwa, lokacin da suke mutane. Wannan da kake gani, munsharinsa ya fi shi tsawo. Wancan kuwa, ka ajiye agogonka ka je wanka, ka dawo ka tarar da shi kashi-kashi a kan hankici. Ga zakara. Kai mai son karatu ne, ina za ka yi karatu? Ɗakin nan ba a yin shiru a cikinsa ko na minti ɗaya."

"Na sani," in ji Sanyi.

"To ka gani."

"Shi ya sa nake so." Ya murza igiyar jakarsa. "A ɗakinmu kowa da abin kunnensa. Na taɓa yin zazzaɓi na kwanta, har na warke ba wanda ya lura. Littattafan da nake zuwa aro wurinku, ina da su."

Barkono ya sauke hannunsa daga kafaɗar.

"Da Dattijo ya ce za ka koma gari," in ji Sanyi, "na tambaye shi ko za ka riƙa zuwa da yamma. Ya ce ai ba abin da zai hana ka."

Maganganu uku suka zo wa Barkono a baki lokaci guda, duk masu ban dariya, ya rasa wadda zai ɗauka. Ya sosa ƙeya. Ya dubi bishiya. Ya dubi ƙofar ofis, saura ƙungiya ɗaya a gabansu.

"Ka faɗi abin da kake so," in ji Dattijo. "Ba na benci ba. Naka."

Barkono ya dubi ƙasa. Abin ya yi masa nauyi kamar an ce ya tuɓe riga a tsakar kasuwa.

"Ba na son in tafi," ya ce. "Ban taɓa so ba. Ba ni da wani ɗaki a gari. Nan nake jin daɗi."

Dogo ya fara washe baki yana jiran ƙarashen, inda za a ce wani abu a kan tsawonsa. Ƙarashen bai zo ba. Ya mayar da leɓensa a hankali.

"Kai ma dai," in ji Injiniya. "Kai ma dai wallahi."

"Na gaba," aka ce daga ciki.

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, da allon katako a bango da makullai ke rataye jere-jere. Baba Makulli ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci ya bi su da kallo.

"Biyar nake gani."

"Baba, ranka ya daɗe, a duba da kyau," in ji Barkono, bakin ya dawo da kansa. Ya dafa kan Dogo. "Wannan ai gyara ne, irin wanda ake ƙara wa mai saye. In aka shimfiɗa masa tawul a kan akwati ya ishe shi."

"Gado huɗu ne a ɗakin."

"Ni ina iya kwana a tsaye, Baba. Na saba a lakca."

"Yaro, gadajen nan ni na shigar da su tun ba a haife ka ba. Ɗaya ya fita, ko duk ku fita, mutane na jira."

Sanyi ya ja ƙafa baya. Barkono ya gani. Abin da ya rage kawai ya yi shiru ya kalli silin na ɗan lokaci, shi ke nan, ɗakin ya dawo hannunsa, ba wanda zai ce ya kori kowa. Zuciyarsa ta ce masa yi shirun mana.

Ya cafko rigar Sanyi ta baya ya tura shi gaban tebur.

"Tsaya da kyau a gan ka. Baba, ga su nan huɗu. Allah ya ba ka haƙurin zama da su."

Ya fita.

A waje rana ta karkata, layin ya rage kaɗan. Ya tsaya ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya zura su a aljihu, ya fitar, ya taka zuwa bishiya ya dawo. A kan 'yar katangar da ke gefen ofis wasu ɗalibai ne zaune ɗai-ɗai, kowa na latsa waya. Su ne waɗanda ba su da ƙungiya, suna zaman ko wasu za su rasa cikon na huɗu. Marayu ake ce musu, kuma ba sai an tambayi wanda ya sa musu sunan ba.

Ya tsaya yana kallonsu. Sai ya juya da sauri ya zura kai ta tagar ofis.

"Baba, ɗakin da ke jikin nasu fa? An ɗauka?"

"Wa zai ɗauka? Tsakaninsa da banɗaki bango ɗaya."

"Ina so."

"Kai da wa?"

"Suna nan tafe."

"Ban san wannan sunan ba. Ka kawo uku kafin in rufe, kuma na kusa."

Su Dattijo suna fitowa ya tare su, ya faɗa musu a tsaitsaye. Ba wanda ya tsaya tambaya. Suka nufi katangar su biyar, Barkono a gaba, ya tafa hannu.

"'Yan'uwa, ku matso ku ji alheri. Ɗaki ne a bene, ruwa a kusa, kusa ƙwarai, ba ka taɓa bin layin wanka ba. Unguwar manyan mutane, ga Injiniya maƙwabci, duk abin da ya lalace..."

Dattijo ya yi gyaran murya.

Barkono ya dube shi, ya sauke hannu.

"Jikin banɗaki yake," ya ce. "In iska ta juyo za ku san abin da kowa ya ci. Taga ɗaya ce. Ni kuma ina da surutu, kuma rabin abin da nake faɗa kada ku ɗauka. Amma in mutum ya kwanta ciwo za a sani. Iyakar abin da ke akwai ke nan."

Marayu suka dubi juna. Wani mai faffaɗan ƙirji da ke ɓare gyaɗa ya kakkaɓe hannu ya miƙe.

"Ya fi bayan filin ƙwallo," ya ce.

Wani siriri mai tabarau ya tambaya ko soket na aiki. Injiniya ya ce ko ba ya aiki zai duba. Barkono ya ce ya rantse ba zai bari Injiniya ya taɓa ba, sai siririn ya taso. Saura ɗaya. Sauran suka noƙe, wani ya ce gara kwamfuta, wani ya ce hancinsa ba ya jure wari. Dogo ya bi su ɗaya-ɗaya yana lallashi. Baba Makulli ya fito ya rufe taga ɗaya, ya koma ciki, aka ji ƙarar makullai.

Barkono ya zagaya katangar, ya dawo, ya leƙa hanya ko wani zai ɓullo. Ya fara tunanin ko mai gadi zai yarda ya cire hula ya tsaya a matsayin ɗalibi. Sai ga Sanyi, wanda ba wanda ya lura da tafiyarsa, yana tahowa daga bayan ginin riƙe da hannun wani mai jakar goyo.

"Tare muke zama a laburare," in ji Sanyi. "Bai san yau ake rufewa ba."

Barkono bai tsaya jin sauran ba. Ya tattara su ukun kamar mai korar kaji, ya danna su cikin ofis daidai lokacin da tsohon ke zura hannu a rigarsa ta sama. Baba Makulli ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan Barkono, sannan ya gyaɗa kai.

Da suka koma bene, bai shiga ɗakinsu ba. Ya tsaya a ƙofar da ke kusa, wadda ya shekara yana wucewa bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, ya ƙwanƙwasa. Wani mai gajeren wando ya buɗe, littafi a hannu.

"Sannu maƙwabci. Ni ne zan gaje ku baɗi, na zo ganin gida."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne Barkono."

"Ashe an san ni."

"Muryarka muka sani. Bangon nan kwali ne. Malamin da ke magana da allo, mun haddace shi. Ba warin ne ya kore mu ba, ku ne."

Barkono ya leƙa ciki. Ɗakin duhu-duhu, ga ɗanshi ya zana taswira a bango ɗaya. Ta ɗaya bangon kuwa sai ya ji motsi, an ja bokiti, sannan muryar Dogo tar kamar a kunnensa, yana tambaya wa ya ga cokali na huɗu, Dattijo na cewa a nemo na biyar ma.

"Komai kuke ji haka?"

"Komai."

Barkono ya shige ba a ce masa bismilla ba, ya tsallake takalman mutane, ya je ya dafa gadon da ke manne da bangon ɗakin su Dogo.

"Wannan na waye?"

"Nawa ne."

"To ka riƙe mini shi da kyau," ya ce, ya dunƙule hannu ya buga bangon. "Dogo, ina jinka. Ajiye silifas ɗin nan."